Wa ke bin sawun kuɗin manyan kwamfutocin Turai, kuma me "wankewar" majalisa ke nufi?

Ranar 5 ga Satumba 2025 aka buɗe kwamfutar JUPITER a cibiyar bincike ta Jülich da ke yammacin Jamus. Ita ce ta farko a Turai da ta kai matakin yin lissafi biliyan sau biliyan a daƙiƙa guda. Kuɗin sayenta da na gudanar da ita na shekara shida ya kai yuro miliyan 500. Rabi ya fito daga hannun EuroHPC, haɗin gwiwar da Tarayyar Turai ta kafa don irin wannan aiki, ɗaya rabin kuma gwamnatin tarayyar Jamus da jihar da cibiyar take suka raba tsakaninsu. Tambayar da ke biyo bayan kowane biki irin wannan ita ce: wa ke duba yadda aka kashe waɗannan kuɗi, kuma da wane iko?

Amsar da aka saba ji ita ce Majalisar Dokokin Turai tana "wanke" EuroHPC duk shekara, wato tana kaɗa ƙuri'ar amincewa da yadda ta kashe kasafinta. A nan ne fahimta ke rabuwa. Wasu na ɗaukar wankewar a matsayin shaidar cewa kowane kwabo ya yi amfani. Wasu kuma na ganin sa hannu ne kawai na al'ada wanda ba ya hana komai. Wanda ya bi matakan aikin ɗaya bayan ɗaya zai ga cewa abin da majalisar ke tabbatarwa ya fi ƙanƙanta da abin da rukunin farko ke zato, kuma ya fi nauyi da abin da na biyu ke tsammani.

Mece ce EuroHPC, kuma kuɗin wa take kashewa?

An kafa ta a 2018, hedikwatarta tana Luxembourg, ta fara cin gashin kanta ta fuskar kuɗi a Satumba 2020 ƙarƙashin babban darakta Anders Dam Jensen, ɗan ƙasar Denmark. Ƙafa uku take tsaye a kai. Ta farko ita ce Tarayyar Turai kanta, wadda Hukumar Tarayyar ke wakilta. Ta biyu ita ce ƙasashen da suka shiga, waɗanda suka haɗa da wasu da ba 'yan tarayyar ba kamar Norway, Turkiyya da Birtaniya, wadda ta shigo a 2024. Ta uku ita ce ƙungiyoyin kamfanoni da cibiyoyi masu zaman kansu: ETP4HPC, da BDVA, da QuIC.

Dokar da aka sabunta a Yuli 2021 ta tsara kimanin yuro biliyan 7 daga 2021 zuwa 2027. Daga ciki, sama da biliyan 3 kaɗan ne na aljihun Tarayyar: kusan biliyan 2 daga shirin Digital Europe, miliyan 900 daga shirin bincike na Horizon Europe, miliyan 200 daga asusun haɗa hanyoyin sadarwa. An ɗora wa ƙasashe su kawo kwatankwacin wannan adadi, su kuma masu zaman kansu aƙalla miliyan 900.

Wannan rabon shi ne mabuɗin fahimtar komai. Majalisar Dokokin Turai tana da iko a kan kasafin Tarayyar da kuma asusun EuroHPC. Kuɗin da Finland ko Italiya ko Sifaniya ta zuba a gini, wutar lantarki da ma'aikata ta hannun cibiyarta, majalisar ƙasar da babban mai binciken kuɗinta ne ke da hurumin bin sawunsa. Saboda haka idan an ce "biliyan 7", babu wata majalisa guda da ke riƙe da cikakken hoton gaba ɗaya.

Akwai wani abu kuma da ba a cika faɗa ba. Dokar da ta kafa EuroHPC doka ce ta Majalisar Ministocin ƙasashen Tarayyar, bisa sashe na 187 da 188 na yarjejeniyar da ke tsara ayyukan Tarayyar. A irin wannan doka, shawarar 'yan majalisar dokoki kawai ake nema, ba su da ikon hana ta wucewa. Ba su da kujera kuma a kwamitin gudanarwa na EuroHPC, inda Hukumar Tarayyar da wakilan ƙasashe ke yanke wace na'ura za a saya da inda za a kafa ta. Ƙofofi biyu suka rage musu: amincewa da kasafi kafin a kashe, da wankewa bayan an kashe.

Yadda ake sayen na'ura, domin a nan kuɗin ke fita

Da farko EuroHPC kan yi shela ƙasashe su nuna sha'awar karɓar baƙuncin na'ura. Cibiyar da aka zaɓa sai ta rattaba hannu a yarjejeniya, ta ɗauki nauyin gini, sanyaya na'ura da kula da ita. Daga nan a buɗe neman kwangila ga kamfanoni. Ga manya-manyan na'urori, Tarayyar na biyan har rabin kuɗin saye da har rabin kuɗin gudanarwa, kuma EuroHPC ce ke mallakarsu. Ga matsakaita, kasonta ba ya wuce kashi 35 cikin 100. Lokacin amfani da na'urar ana raba shi gwargwadon abin da kowa ya biya, kason Tarayyar kuma ba ya wuce rabi.

A Yuni 2019 aka zaɓi wurare takwas na farko. Manyan uku su ne LUMI a Kajaani ta Finland, wadda aka kafa a cikin tsohuwar masana'antar takarda, da Leonardo a Bologna ta Italiya, da MareNostrum 5 a Barcelona. Sauran biyar suna Slovenia, Luxembourg, Jamhuriyar Czech, Bulgariya da Portugal.

Ba a biyan kamfani cikakken kuɗinsa sai na'ura ta ci gwajin karɓa, wato an kunna ta an auna saurinta da ɗorewarta an ga ta kai abin da aka rubuta a kwangila. Kuɗin saye kuma ba shi ne ƙarshen magana ba. LUMI na cin kimanin megawat 7 idan tana cikakken aiki. A ninka wannan da sa'o'i 8,760 na shekara, za a samu sama da megawat-awa 61,000. Ko da a ce, don misali kawai, kowane ɗaya yuro 100 ne, an tashi da sama da miliyan 6 a shekara na wuta kaɗai. Irin wannan na'ura kuma shekara biyar zuwa shida take yi kafin sababbi su bar ta a baya. Jinkirin shekara guda wajen kafa ta asara ce ta gaske, ko da babu sisin da ya ɓace.

Matakan wankewa, daga rufe littafi zuwa ƙuri'a

A ɗauki kuɗin da aka kashe a 2023. Zuwa 1 ga Maris 2024 akanta ya miƙa asusun wucin gadi, zuwa farkon Yuli kuma na ƙarshe. Wani kamfanin odita mai zaman kansa yana duba alƙaluman, sannan Kotun Binciken Kuɗi ta Turai ta ɗora nata aikin a kai. Sunanta kotu, amma ba ta yanke wa kowa hukunci: ofishin babban mai binciken kuɗi ne, mai mambobi 27, ɗaya daga kowace ƙasa. Kafin tsakiyar Nuwamba takan fitar da rahotonta na shekara a kan dukan haɗin gwiwar Tarayyar, da babi na musamman a kan EuroHPC.

Tambayoyi biyu kotun ke amsawa. Shin littafin asusu ya nuna gaskiyar abin da ya shiga da abin da ya fita? Shin an karɓi kuɗin kuma an biya su bisa doka da ƙa'idar kwangila? Ba ta duba kowace takarda. Samfuri take ɗauka daga cikin biyan da aka yi, ta bi shi har wajen wanda ya karɓa. Ma'auninta kashi 2 cikin 100 ne: idan kuskuren da aka ƙiyasta bai kai haka ba, sai ta ba da ra'ayi mai tsabta. Kuskure a nan ba lalle ne ya zama sata ba. A tallafin bincike, wanda aka fi samu shi ne lissafin albashin ma'aikata: jami'a ta ƙidaya sa'o'in aiki ba daidai ba, ko ta sa alawus ɗin da ƙa'ida ba ta yarda da shi ba. Idan an ga alamar zamba, ana miƙa batun ga ofishin yaƙi da zamba na OLAF ko ga ofishin mai gabatar da ƙara na Turai, wanda ya fara aiki a Yuni 2021.

Daga nan rahoton ya shiga hannun kwamitin majalisa mai sa ido kan kasafi. Ana naɗa ɗan majalisa guda ya jagoranci aikin, a aika wa EuroHPC tambayoyi a rubuce, a iya kiran darakta ya zo ya yi bayani. Majalisar Ministoci ta ba da shawararta a farkon shekara ta gaba. Sashe na 319 na yarjejeniyar ya ba majalisar dokoki ita kaɗai ikon yanke hukunci, kuma ƙa'ida ta ce a yi kafin 15 ga Mayu na shekara ta biyu bayan kashe kuɗin. Wato kuɗin 2023 sai a 2025 aka kaɗa masa ƙuri'a.

Abu uku ke fitowa daga zauren: hukuncin wanke babban darakta, hukuncin rufe asusun shekarar, da ƙudurin da ke ɗauke da ƙorafe-ƙorafe da buƙatun 'yan majalisa. Na ukun ne ya fi cancanta a karanta, shi ne kuma aka fi tsallakewa. Wajibi ne a kan EuroHPC ta ba da rahoton matakin da ta ɗauka a kan abin da ke cikinsa. Mai bibiyar harkar majalisa a Nijeriya zai ga kama da aikin Kwamitin Asusun Gwamnati a kan rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya. Bambancin shi ne a Turai an ɗaure aikin da ranaku, kuma dole ya ƙare da ƙuri'a a kan mutum guda da sunansa.

Abin da masu binciken kuɗi suka yi ta nunawa

Littafin asusun EuroHPC ya samu ra'ayi mai tsabta a shekarunta na farko, majalisa kuma ta wanke daraktanta. Amma a ƙarƙashin wannan tsabtar akwai abubuwa uku da suka yi ta dawowa a rahoto bayan rahoto.

Mafi nauyinsu shi ne gudummawar masu zaman kansu. Dokar 2018 ta ɗora musu aƙalla yuro miliyan 420. Yawancinta ba tsabar kuɗi ba ce. Idan kamfani ya shiga aikin bincike, ya kashe yuro 100, aka mayar masa da 70, to 30 ɗin da ya ɗauka daga aljihunsa ita ake rubutawa a matsayin gudummawarsa. Har zuwa ƙarshen 2022, abin da aka rubuta ta wannan hanya bai kai kashi 5 cikin 100 na miliyan 420 ɗin ba. Mai saurin hukunci zai ce kamfanoni sun ƙi cika alkawari. Kotun Binciken Kuɗi ta nuna cewa matsalar tana cikin tsarin kansa: nau'in aiki guda ne kawai ya ba su damar kawo irin wannan gudummawa, shi ma iyakarsa kashi 30 cikin 100 na kuɗin aikin. Mafi yawan kuɗin EuroHPC kuwa na tafiya ne wajen sayen na'urori, inda kamfani mai sayarwa ne, biyansa ake yi. A yi lissafi: kafin kashi 30 ya tara miliyan 420, sai an gudanar da ayyuka na biliyan 1.4 a hannun waɗannan kamfanoni kaɗai, adadin da kasafin bincike na wancan zango bai kusance shi ba. Duk da haka, a 2021 aka ɗaga adadin zuwa miliyan 900. A ganina wannan shi ne babban rauni a dukan lamarin, domin da wannan alƙalami ake gamsar da mai biyan haraji cewa kuɗinsa na janyo na 'yan kasuwa. Idan alƙalamin ba mai cimmuwa ba ne tun daga tushe, to ko dai a gyara hanyar ƙidaya, ko a sauke adadin zuwa gaskiya.

Na biyu shi ne jinkirin biya. Kasafin Tarayyar yana da layi biyu: kuɗin alkawari, wato abin da aka yarda a ɗaure a kwangila a shekarar, da kuɗin biya, wato abin da aka yarda ya fita daga asusu. A shekaru da dama EuroHPC ba ta kashe ko rabin na biyun ba. Dalilan sanannu ne. Annobar korona da ƙarancin kayan lantarki a duniya sun jinkirta kawo kaya. Gine-gine ba su kammala a kan lokaci ba. Ba a biya kuma sai an ci gwajin karɓa. LUMI sai a Yuni 2022 aka ƙaddamar da ita, Leonardo a Nuwamba na shekarar. Sakamakon haka ɗaruruwan miliyoyin yuro suka taru a matsayin rarar da ba a taɓa ba, alhali wasu shirye-shiryen Tarayyar na neman kuɗi. Rashin biyan kamfani kafin ya cika aiki abin yabo ne. Laifin yana wajen neman kuɗin shekara ba tare da la'akari da abin da ke ajiye ba.

MareNostrum 5 ta nuna wani nau'in jinkiri dabam. A 2021 aka soke neman kwangilarta saboda kwamitin gudanarwa ya kasa samun rinjayen da ake buƙata a kan wanda za a ba. Kafafen yaɗa labarai sun ruwaito cewa saɓanin ya shafi zaɓi tsakanin tayin kamfanonin waje da na kamfanin Turai. Aka sake buɗe neman, aka ba Atos na Faransa a Yuni 2022 a kan kimanin yuro miliyan 151, aka ƙaddamar da na'urar a Disamba 2023. Babu ƙa'idar da aka karya a nan, don haka babu abin da zai ɓata ra'ayin mai binciken kuɗi. Amma masu bincike na kimiyya sun yi fiye da shekara suna jiran na'urar da aka yi musu alkawari.

Na uku shi ne ƙarancin ma'aikata. A shekarun farko, ofishin da ke riƙe da kwangilolin ɗaruruwan miliyoyi bai kai mutum ashirin ba, ɗaukar sababbi kuma ya yi ta tafiyar hawainiya. Idan mutum guda ne ke shirya kwangila, ya duba takardar neman biya, ya kuma bi sawun aikin, to rabon aiki da ake dogara da shi wajen kama kuskure ya rushe ko da mutumin mai gaskiya ne.

Shin ƙuri'ar tana da haƙori?

Majalisa na iya wankewa, ko ta ɗage zuwa Oktoba, ko ta ƙi gaba ɗaya. Ƙin wankewa ba ya korar darakta kai tsaye, ba ya kuma dawo da kuɗi. Nauyinsa na siyasa ne, amma tarihi ya nuna ba ƙaramin abu ba ne. A Disamba 1998 majalisa ta ƙi wanke Hukumar Tarayyar a kan kasafin 1996, zuwa Maris 1999 dukan hukumar ƙarƙashin Jacques Santer ta yi murabus. A Oktoba 2022 ta ƙi wanke hukumar tsaron iyakoki ta Frontex a kan kasafin 2020.

Misalin da ya fi kusa da EuroHPC shi ne na ARTEMIS da ENIAC, haɗin gwiwa biyu na fasahar lantarki masu ƙafa uku irin nata. Kotun Binciken Kuɗi ta kasa ba su ra'ayi mai tsabta saboda sun dogara da binciken hukumomin ƙasashe ba tare da sun iya tabbatar da ingancinsa ba, majalisa kuma ta ɗage wanke su a 2015. Raunin ya fito ne daidai a mahaɗar kuɗin Tarayya da na ƙasa, wurin da ya kamata a zuba wa ido a EuroHPC ma.

Inda ra'ayoyi suka bambanta

Masu kare tsarin na cewa kasuwar manyan kwamfutoci ba ta jira. Amurka ta kai matakin biliyan sau biliyan tun 2022 da na'urar Frontier, kuma kafin EuroHPC yawancin ƙasashen Turai ba su da ƙarfin sayen irin waɗannan na'urori su kaɗai. A wajensu, ƙara matakan amincewa zai ƙara jinkirin da ake kuka da shi. Suna kuma nuna sakamako: cikin shekara bakwai an kafa na'urori da dama, wasu sun shiga goman farko na duniya.

Masu suka, ciki har da 'yan majalisa, na tambayar abin da littafin asusu ba ya amsawa. An kafa EuroHPC da manufar rage dogaro da fasahar waje, amma LUMI ƙirar HPE ce da kayan AMD, ƙarfin JUPITER kuma ya dogara ne da kusan ƙwaƙwalwar lantarki 24,000 ta Nvidia, dukansu kamfanonin Amurka. Ƙwaƙwalwar Rhea da kamfanin SiPearl ke ƙerawa da tallafin Turai ta makara da shekaru. Mai binciken kuɗi zai iya tabbatar da cewa an biya Nvidia bisa ƙa'ida. Ko hakan ya dace da manufa, wannan tambaya ce ta siyasa, kuma tana buƙatar bincike na musamman a kan amfanin aiki, wanda ya bambanta da rahoton shekara-shekara.

Dukan ɓangarorin suna da hujja, sai dai hujjar sauri ba ta shafi bayyana alƙaluma. Fitar da bayanin sa'o'i nawa na'ura ta yi tana aiki, su wa suka samu lokaci a kanta, kaso nawa ya je ga ƙananan kamfanoni, da nawa kowace ƙasa ta biya a zahiri, ba zai jinkirta sayen komai ba.

Abin da ya shafi talaka, da abin da ke tafe

Mai biyan haraji a Turai yana biya sau biyu, ta kasafin Tarayya da ta na ƙasarsa. Abin da yake samu ba ya ganuwa kai tsaye: hasashen yanayi da ambaliya ta shirin Destination Earth, wanda ke gudana a kan LUMI, Leonardo da MareNostrum 5, da gwajin magunguna a kwamfuta, da ƙirar kayan masana'antu. A Kajaani abin ya fi kusa da gida, domin zafin da LUMI ke fitarwa ana tura shi cikin bututun ɗumama gidajen garin.

Nauyin kuma ƙaruwa yake yi. A 2024 aka gyara dokar don EuroHPC ta kafa cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira a kewayen na'urorinta, aka zaɓi bakwai na farko a Disamba na shekarar, wasu suka biyo baya a 2025. A Fabrairu 2025 shugabar Hukumar Tarayyar, Ursula von der Leyen, ta sanar a Paris da asusun yuro biliyan 20 na manyan cibiyoyi da suka ninka waɗannan girma, inda ake sa ran kaso mafi tsoka zai fito daga 'yan kasuwa. Wato ginshiƙin da masu binciken kuɗi suka fi nuna rauninsa, gudummawar masu zaman kansu da yadda ake auna ta, shi za a ɗora wa kaya mafi nauyi. Kuɗin da aka kashe a 2026 kuwa, sai a watannin farko na 2028 zai iso gaban zauren majalisa don ƙuri'a.